Tseren Jakunan Malam A-taƙaice

An yi wani malamin adabi a makarantar yamma ta manya, irin wadda magidanta da matan aure ke zuwa bayan sun tashi daga aiki don su sake zana jarrabawar da ta kayar da su tun suna da ƙuruciya. Ɗalibansa suka raɗa masa suna Malam A-taƙaice, saboda da zarar ya ce "a taƙaice", to kowa ya gyara zama, yanzu aka fara. Matarsa ma da wannan sunan take kiransa in ta so tsokana, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. A wajensa babu marubucin da ya taɓa rubuta abin da shi ba zai fi shi ba, lokaci ne kawai bai samu ba.

A zangon nan aka sa wa ajinsa wani labarin tafiye-tafiye. Wata marubuciya ce ta je wata ƙasa mai nisa, ta tsaya a bakin titi tana jiran tseren jakuna da mutanen wurin suka gada kaka da kakanni. Ta ba da labarin zaman jiran, da ƙurar da ta fara hangowa, da motoci da babura da suka biyo bayan jakunan suna ta hon, da rigimar da ta ɓarke a ƙarshe kan wanda ya ci. Abin da ake so ɗalibi ya nuna shi ne dabarun da ta bi har mai karatu ya ji kamar da shi aka yi.

Malam ya yi musu gwaji. Direba, wanda ke zama a bencin baya, ya rubuta cewa marubuciyar ta yi ƙoƙari ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Mai Kemis ya cika shafi da cututtukan da ƙura ke jawowa. Tela kuwa, wata mai baki da ke zama a gaba, tambaya ta mayar wa Malam: me ya hana matar nan faɗin irin kayan da mutanen suka sa?

Shugaban makarantar, wanda shi ne kuma malamin lissafi, ya kira Malam ofis.

"Na ga takardun ajinka."

"Ai ka ga abin da nake fama da shi. Ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa."

"Sufeto za ta zo ranar Alhamis. Ta ce duk ajin da ba ta ga amfaninsa ba, rufe shi za a yi. In aka rufe naka, ɗakin karatu za ka koma ka riƙa lura da littattafai."

Ɗakin karatu wuri ne da aka liƙa takarda a kowane bango an rubuta a yi shiru. Malam ya ji kamar an ce za a ɗinke masa baki. Amma bai bari an gani a fuskarsa ba, sai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Laifin marubuciyar ne," in ji shi. "'Yar kallo ce kawai. Ta tsaya a gefen titi da laima tana rubuta abin da ba ta sani ba. Ni da na tashi a bayan jaki..."

"Yaushe?"

"Kafin ka san ni."

"Ajinmu ɗaya tun firamare."

"To, lokacin hutu. A taƙaice dai, adabi ba a allo ake koyon sa ba. Ranar Alhamis a filin makarantar nan za a yi tseren jakuna, ɗalibaina su ga dabarun rubutu suna gudu da ƙafa huɗu. Sufeto da kanta za ta roƙe ni in rubuta littafi."

Shugaba ya dube shi ta saman tabarau, ya ce shi dai babu hannunsa, amma zai zo kallo.

A layin su Malam akwai Mai Yashi, mai jakuna biyu, jaki da jaka, da yake kai wa magina yashi da su. Shi ma ba baya ba ne wajen cika baki. Da Malam ya kawo masa maganar, sai ya ce ai jakar nan tasa ta taɓa riga motar bulo isa wurin gini, jakin kuwa in ya ga dama ko babur bai kamo shi. Malam ya ce shi da ganin ƙafafunsu ya sani, don idonsa idon mahayi ne. Suka yi ta yabon juna har aka ba Malam aron jakunan tun ranar Laraba da yamma, wai don su saba da muryarsa.

Matarsa na shanya ta ga ya shigo yana jan igiya biyu.

"Malam, baƙi muka yi?"

"Kayan aiki ne. Ke dai ki yi kallo."

Ya ɗaure su a jikin ƙarfen shanya, ya ajiye takardun labarin a kan benci, ya shiga ɗaki neman hularsa ta zuwa taro. Kafin ya fito, jakin ya gama da shafin farko da na biyu, yana cikin na uku, daidai inda ƙura ta fara tashi.

"Alhamdu lillahi," in ji matar. "Yau dai ka sami ɗalibin da ya cinye darasinka gaba ɗaya."

"Da kin kore shi mana."

"Na ga yana fahimta, ban so in katse shi ba."

Ya ce ba komai, labarin yana kansa. Sai ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a gefen jakar, wai zai ɗan tuna da. Ya taka kujerar, ya ɗaga ƙafa, jakar ta matsa gaba kaɗan, ƙafar kujera ta ɓalle, Malam ya zauna daram a cikin bahon wanki. Ya miƙe yana ɗigar da ruwan sabulu, ya ce dama gwani ba ya gwaji, kuma gobe ba shi zai hau ba. Direba da Mai Kemis ne mahaya. Shi aikinsa sharhi, daga kan tebur, da lasifika.

Ranar Alhamis, tun kafin lokaci filin makaranta ya cika. Labari ya zaga unguwa cewa za a yi tseren jakuna kyauta, har masu shaguna sun bar wa maƙwabta tsaro. An ja layi da farar ƙasa daga gindin bishiya zuwa bakin ƙofa. Sufeto ta iso, wata dattijuwa marar yawan magana, aka ba ta kujera a inuwa, ta zauna ta ɗora jakarta ta hannu a cinya. Shugaba ya zauna kusa da ita yana ɓoye murmushi.

Malam ya hau tebur cikin fararen kaya, ya raba aiki.

"Tela, ke ce mai kamance. Duk abin da kika gani, ki ce kamar kaza yake. Direba, kai ne mai kambamawa, wato ka zuzuta abu ya wuce yadda yake. Wannan ba sai na koya maka ba, sana'arku ce. Mai Kemis, naka mutuntarwa, ka ba dabba halin mutum. Yanzu mahaya su hau."

Direba ya zaga jakin sau biyu yana duba shi. "Malam, ina birkinsa?"

"A bakinka yake. Hau."

Direba ya yi bisimilla ya haye. Mai Kemis kuwa ya dafe ƙugu, ya ce tun safe bayansa ke ciwo, kuma shi da kansa ya rubuta wa kansa hutu. Malam ya lallashe shi, ya tsorata shi da maki, a banza. Ya waiga cikin taro ko wani zai taimaka, kowa ya shiga duba wayarsa.

Nan Shugaba ya duƙa wajen Sufeto, ya yi magana da muryar da kowa zai ji. "Ranki ya daɗe, ai ba matsala. Malam a bayan jaki ya tashi."

"Ashe," in ji Sufeto. "To bismilla, Malam."

Malam ya ce zai so hakan ƙwarai, sai dai wa zai yi sharhi? Sufeto ta ce ai lasifikar ta hannu ce, ya tafi da ita. Ya ce fararen kaya ne a jikinsa. Tela ta ce in sun yage ita za ta ɗinka. Ya dubi ƙofar ɗakin karatu da ke can gefe a rufe, shiru kamar maƙabarta, sai ya sauko daga tebur.

Mutum uku suka ɗora shi a kan jakar kamar ana loda buhu. Ya riƙe igiya da hannu ɗaya, lasifika da ɗayan, ƙafafunsa na lilo. Shugaba ya hura usur.

Babu wanda ya motsa. Jakar ta sunkuyar da kai tana shinshinar farar ƙasa. Jakin ya lumshe ido. Direba ya yi "hai", ya yi "cus", ya buga da dunduniya, ko gezau.

"Kun gani ko?" in ji Malam. "Wannan shi ake kira jan rai. Marubuciyar ta daɗe tana jira kafin jakuna su ɓullo, don ta sa mai karatu ya ƙagu. Da gangan na tsara haka."

Aka ci gaba da jira. Sufeto ta duba agogo. Wani daga cikin 'yan kallo ya tambaya ko an gama ne. Can sai jakin ya ɗaga wutsiya ya sauke abin da ya ci jiya, daidai gaban kujerar Sufeto.

"Madalla," in ji Malam da sauri. "Marubuci na ƙwarai ba ido kaɗai yake ba aiki ba, har da hanci. Wa zai siffanta mana?"

"Malam, ina jin shafi na uku ne ya fito," in ji Direba, wanda tuni ya ji labarin takardun da jakin ya cinye.

Taro ya kwashe da dariya. Malam ya ga abin na neman ƙwace masa, sai ya kai lasifika baki don ya tsawatar, ya murɗa ta har ƙarshe. Lasifikar ta saki wata ƙara mai tsinin gaske daidai kunnen jakar.

Jakar ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Jakin ya buɗe ido ya ga abokiyar zamansa ta yi gaba, ya rangaɗa kuka ya rufa mata baya. Malam ya saki igiya ya rungume wuyanta, amma bai saki lasifika ba, don haka duk unguwar ta ji shi.

"Ku riƙe jakar! Jama'a, ku riƙe jakar!"

Mai Kemis, da yake mutum ne mai bin umarni in ba hawa aka ce ba, ya yi tsalle ya damƙe jakar hannun Sufeto da hannu biyu. Sufeto ta riƙe, ya ja, ta ja.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Malam ne ya ce a riƙe, ranki ya daɗe."

"Mai ƙafa huɗun yake nufi," in ji Shugaba, yana share hawayen dariya.

Kafin a raba su, jakunan sun tsallake layin ƙarshe, sun bangaje ƙyauren ƙofa, sun hau titi. Taro ya bi su ɗuu. Tela ta haye bayan wani babur da littafinta a hannu. Sufeto ta ce wa direbanta ya tayar da mota, ita ba ta taɓa barin darasi a tsakiya ba.

Da farko suka bi ta wurin mai wankin mota. Yana riƙe da tiyo ya juyo ya ga abin da ke tahowa, ya manta da abin da ke hannunsa, ya wanke Malam tun daga hula har takalmi. Daga nan jakar ta kutsa ta tsakanin tayoyin mai faci, tayoyi suka watse suna gangarawa titi, su ma suka shiga tseren. Mai kankana ya yi ƙoƙarin janye teburinsa, jakin ya taimaka masa da ƙafar baya. Direba na kan jakin yana ta danna ƙafar dama a iska, yana neman birkin da babu.

Masu babura suka ga abin ba na bari ba ne, suka biyo baya suna hon. Wata motar haya ta juya da fasinjojinta ta shiga layi. Ƙura ta tashi har ba a ganin gaba sosai, sai muryar Malam kawai da ke fita ta lasifika, yana salati, yana kiran mahaifiyarsa, yana yi wa jakar alkawarin dusa.

Babur ɗin Tela ya zo daidai da shi. "Malam, kamar ƙullin wanki a bayan keke. Ya yi?"

"Ki tsayar da ita."

"Ko in ce kamar ƙwarƙwata a wuyan riga? Wanne ya fi maki?"

Titin ya bi ta ƙofar gidansa. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa ta ji hayaniya, sai ga mijinta ya wuce a kwance a wuyan jaka, hula ta tafi, riga ta koma ruwan ƙasa.

"Malam," ta kira shi, "in ajiye maka abinci, ko a can za ka ci?" Sannan ta ja mayafi ta bi taron.

Ita jakar ba ta san da wani tsere ba. Hanyar aikinta ta kama, har wurin ginin da take kai yashi a ƙarshen layi. Tana isa inda ta saba sauke kaya, ta ja ta tsaya cak. Malam bai tsaya ba. Ya wuce ta saman kunnuwanta, ya tsallake tulin yashi, ya sauka a zaune cikin kwaɓin siminti da magina suka gama haɗawa. Jakin ya iso ya tsaya a gefenta, Direba ya sulalo ƙasa ya rungumi wani bulo yana godiya ga Allah.

Kafin magina su ciro Malam, rabin unguwa ya kewaye wurin. Motar Sufeto ta tsaya, ta fito da jakarta a hammata, ta riƙe ta gam. Ta dubi Malam, ta dubi ɗalibai.

"Ke, me kika gani?"

Tela ta gyara tsayuwa. "Ranki ya daɗe, na ga Malam ya tashi sama kamar zanen da iska ta ɗauke daga igiya, ya faɗo kamar tulun da ya suɓuce. Kuma yanzu na gane abin da ya hana matar nan faɗin kayan mutane. In ƙura ta tashi, kowa kala ɗaya ne."

"Kai fa?"

"Gudun da muka yi," in ji Direba yana haki, "na rantse na wuce gobe na hango jibi. Ihun Malam kuwa, sai da tsuntsaye suka sauya unguwa."

Mai Kemis ya matso, yana kauce wa idon Sufeto. "Jakar ta haƙura da bayani ne har ya ishe ta, sai ta yanke shawarar kai ƙarar malaminta wurin magina."

Sufeto ta gyaɗa kai a hankali. Malam ya ga haka, sai ransa ya dawo. Ya share siminti daga gira, ya ɗaga yatsa.

"Ranki ya daɗe, kin ga abin da nake nufi. Duk abin nan a tsare yake. Jiran, da ƙurar, da baburan, har da saukar nan. Ita saukar ma sai wanda ya ƙware."

"Haka ne?"

"Tun daga farko har ƙarshe."

"To madalla. Mako mai zuwa malaman sauran makarantu za su taru a ofishinmu. Sai ka zo ka maimaita musu, daidai yadda ka yi yau."

Malam ya sauke yatsan nan da sauri. Ya ce ai jakunan na aro ne, kuma sun gaji.

"Suna nan ko yaushe," in ji Mai Yashi daga cikin taro. "Yau ma ba su saki jiki ba."

Ya ce to sai an duba yanayin titi. Mai wankin mota ya ce shi zai zo da tiyonsa har can. Mai faci ya ce zai ba da aron tayoyi. Malam ya juya yana neman mai ceto, idonsa ya faɗa kan matarsa.

"Ranki ya daɗe," in ji ta, "ki yi masa rai, ni ke wankin kayan. Mutumin nan jiya kujerar roba ma ta kayar da shi. Tun da na aure shi, abu mai ƙafa huɗu da na ga ya hau lafiya gado ne kaɗai."

Dariyar da aka yi har magina da ke saman bene sai da suka zauna don kada su faɗo. Sufeto ma ta kai gefen mayafi baki. Da ta natsu, ta ce aji zai ci gaba, tunda ɗalibai sun gane kamance da kambamawa fiye da yadda take tsammani. Amma ƙyauren makaranta da kankanar mutane suna wuyan Malam, kuma daga yau ko hoton jaki ta gani a ajinsa, ɗakin karatu zai koma.

Ana shirin watsewa, wani mai babur ya ce to wai wa ya ci? Nan take wuri ya hargitse. Masu babura suka ce jakar ce, ita ta fara isowa. Direba ya ce bai yarda ba, jakar ta iso babu mahayi a kanta, shi kuwa da jakinsa tare suka tsaya. Mai Yashi ya ce duk wanda ya ci dai nasa ne. Aka fara nuna wa juna yatsa, har sai da aka ce Shugaba ya raba gardama, tunda shi ne mai lissafi.

Shugaba ya auna da ido daga inda jakar ta tsaya zuwa ramin da Malam ya bari a cikin siminti.

"Jakar ta riga jakin," in ji shi. "Amma Malam ya riga jakar."

Malam, wanda ake goge wa baya da buhun siminti, ya ɗago kai. Ya dubi ramin, ya dubi jakar, ya ga lallai akwai tazara mai kyau a tsakani. Ya gyara abin da ya rage na rigarsa, ya kama hanyar gida yana ɗingishi, simintin wandonsa ya fara bushewa yana ƙara ƙas-ƙas.

"Kin dai ji da kunnenki," ya ce wa matarsa. "Na ɗaya na zo."

"Na ji," in ji ta. "Ɗaga ƙafa, kafin ka sandare a titi a ce gunkin wanda ya ci ne."